A SAYAR DA MOTA, KADA A SAYAR DA SUNA

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, riƙon mota ya zama wani nauyi wanda albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ɗauka. Litar da a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta haye naira 500, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Ko da yake an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a cikin 2024, gwamnatin Jihar Jigawa ta Gwamna Umar Namadi kuma ta amince da biyansa, duk malamin makaranta ko akawun ƙaramar hukuma da ke kai da kawo tsakanin Kafin Hausa da Haɗeja ko Dutse ya san abin da tankin mota yake lashewa kafin wata ya raba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga magidanci ya ajiye motarsa a ƙofar gida har ƙura ta rufe ta, daga bisani ya yanke shawarar rabuwa da ita, ya sayi babur, ragowar kuɗin ya zuba su a noman rani na shinkafa ko alkama a fadama.

Babu laifi a cikin wannan shawara. Abin da ke bukatar a yi tsokaci a kansa shi ne hanyar da ake bi. A yau mai mota ba ya neman dillali. Yakan ɗauki hotunanta da wayarsa, ko ya sa ɗansa ya ɗauka, a liƙa su a Facebook ko WhatsApp ko dandalin talla na Jiji tare da lambar waya, sa'an nan a zauna jiran mai saye. Amfanin yin haka a fili yake. Ba za a biya la'ada ba, kuma tallan da da can ba zai wuce tashar mota da majalisar unguwa ba, yanzu cikin sa'a guda zai kai Kano da Azare da Nguru da Gashuwa. To, amma idon da zai gan shi ba na masu saye ne kaɗai ba.

Ya kamata a tuna da aikin da dillali yake yi, domin a san abin da aka rasa da aka kawar da shi. A kasuwar dabbobi ta Maigatari ran Alhamis, ko ta Gujungu ran Lahadi, baƙo ba ya kama igiyar sa ya miƙa wa wani baƙo haka kawai. Akwai dillali a tsakani, wanda ya san inda mai dabba ya fito, ya san mai saye ko wanda ya tsaya masa, a gabansa ake ƙirga kuɗi, a gabansa ake sallamawa, idan kuma bayan mako guda ta bayyana cewa san na sata ne, shi ne mutum na farko da za a nema, kuma ya san da haka. La'adar da yake karɓa ladan wannan tsayawa ce. Ba a ce dillalai mala'iku ba ne. Kowa ya san masu cin riba biyu, su danne mai kaya su tsawwala wa mai saye. Duk da haka dillali yana da gida, yana da suna, yana da shugaba a kasuwa wanda za a kai ƙararsa gare shi. Intanet ya ɗauke dillali daga tsakani, aikinsa kuwa yana nan ba wanda ya yi. Mai mota ne zai yi shi da kansa, ko ya sani ko bai sani ba, kuma mafi yawan ta'asar da ake yi wa masu sayarwa daga rashin sanin nan take fitowa.

A cikin wannan aiki, babu abin da ya kai tsaron takardu muhimmanci. Mutane da yawa suna ɗaukar takardun mota a matsayin abin nuna wa ɗan sanda a shingen hanya, a naɗe su a mayar aljihun gaban mota. Alhali kuwa a idon hukuma waɗannan takardu su ne motar. Takardar kwastan ita ke shaida cewa an biya kuɗin fito sa'ad da motar ta shigo ƙasa. Takardar mallaka da ta ba da lamba su ke ɗaure motar da sunan mutum da adireshinsa. Lasin mota da takardar shaidar lafiyarta da ta inshora su ke halatta mata hawa titi. A jikin kusan kowacce akwai lambar shasi, wadda a motocin zamani haruffa ne da alƙaluma 17, da lambar inji. Wanda ya mallaki waɗannan bayanai ya mallaki rigar motar, kuma yana iya sa wa wata motar ita.

Wannan ba zance ba ne na nesa ga mutanen Jigawa. Jihar tana da iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma tun da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga watan Janairu na 2017, takardar kwastan ta gaskiya ta ƙara daraja a wurin masu fasa-ƙwauri. Motar da aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, ko wadda aka ƙwace daga hannun mai ita a wata jiha, ba ta da abin da take bukata kamar takardun wata mota irinta, mai launinta, wadda ba ta da tabo. To, ga shi mai mota da hannunsa yana ɗaukar hoton takardunsa ɗaya bayan ɗaya, yana aika wa mutumin da bai taɓa gani ba, don kawai ya bugo waya ya kira shi Alhaji, ya ce yana so ya tabbatar da ingancinsu kafin ya taso daga Kano. Mai saye na gaskiya yana da haƙƙin ganin takardu, babu musu. Wurin ganinsu shi ne gaban mai su, a hannu, motar tana tsaye, a gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin ƙarfe. Hoton da za a sa a talla kuwa, a rufe lambar motar kafin a ɗauka, kuma kada a ɗauke shi a inda kowa zai gane ƙofar gidan mai ita.

Akwai wata damfara da ta fi sauran muni, domin tana haɗa mutanen kirki biyu faɗa, ɓarawon yana can gefe ba wanda ya san fuskarsa. Ɗan damfara yakan kwafi hotunan motar daga tallan mai ita, ya sake liƙa su da lambar wayarsa a kan farashi mai rahusa. Idan wani ya yi sha'awa, sai ya ce masa motar tana hannun ƙanensa ko direbansa a Kafin Hausa, ya je ya duba, amma kada ya yi maganar kuɗi da shi domin akwai 'yar matsala ta gida. Sa'an nan ya bugo wa mai motar na ainihi, ya ce shi mai saye ne, zai turo yaronsa da bakanike su duba, amma don Allah kada a faɗa musu farashi domin zai ɗora tasa riba. Baƙo ya zo, ya ga mota, ya ga takardu, hankalinsa ya kwanta, ya tura kuɗi asusun ɗan damfara, ya juyo ya ce a ba shi makulli. Mai mota ya ce bai ga ko kwabo ba. Daga nan sai caji ofis, inda kowannensu zai rantse cewa ɗan'uwansa ne ɓarawon, wayar mutum na uku kuma tuni an kashe ta. Maganin wannan abu kalma ɗaya ce da za a furta tun a gaisuwar farko: mai mota ya shaida wa duk wanda ya zo dubawa cewa shi ne mai ita, ga sunansa a takarda, ga farashinsa, kuma ba shi da wakili. Duk cinikin da aka gina shi a kan sharaɗin kada a yi maganar kuɗi, akwai lauje cikin naɗi.

Batun biyan kuɗi ma yana da nasa tarkon. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, ya koya wa har mutanen ƙauye karɓar kuɗi ta waya, sai dai bai koya wa kowa bambanci tsakanin saƙo da kuɗi ba. Saƙon da ke shigowa waya yana cewa an zuba miliyan kaza, kowane yaro mai wayo yana iya ƙirƙirarsa, haka ma hoton rasit da ake nunawa a fuskar waya. Ɗan damfara yakan zaɓi yammacin Juma'a ko ranar hutu, lokacin da bankuna suke rufe, ya zo da gaggawa da faram-faram, idan aka ce kuɗi ba su bayyana ba ya ɗora laifin a kan rashin kyawun sadarwa, abin da kowa a wannan yanki ya saba da shi har ba zai yi mamaki ba. Kuɗi ba su shiga ba sai mai asusu ya ga jimillar da ke cikin asusunsa ta ƙaru, a manhajar bankinsa ko a bakin ma'aikacin banki. Cinikin da ya kai na mota ya cancanci a yi tattaki zuwa reshen banki, ko da sai an je Haɗeja ko Dutse, a ranar aiki, da rana tsaka. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Ko da kuɗin sun shiga da gaske, da sauran abin dubawa, wato sunan wanda ya turo su. Idan mai saye sunansa daban, asusun da kuɗin suka fito kuma sunan wani ne, wajibi ne a tsaya a nemi bayani, a kuma rubuta shi. Sau da yawa kuɗin da aka sace daga asusun wani bawan Allah ne ake juya su zuwa mota. Ran da mai kuɗin ya kai ƙara, asusun da za a fara rufewa shi ne wanda kuɗin suka sauka a ciki, ma'aikacin da ya sayar da motarsa da zuciya ɗaya ya wayi gari albashinsa ma ba ya iya taɓawa, ga mota ta tafi. Haka nan duk wanda ya ce a karanto masa wasu lambobi da aka turo ta waya, wai don a tabbatar da ciniki ko a tura kafin alƙalami, to makullin asusu ko na WhatsApp yake nema. Lambar BVN da ta sirrin kati ba su da wata alaƙa da sayar da mota. Game da gwajin mota kuwa, ba sai an tsawaita ba: ba a miƙa wa baƙo makulli ya tafi shi kaɗai, ba a bin sa bayan gari, ba a barin takardun asali a cikin motar sa'ad da ake gwajin, kuma mai mota ya tafi da wani nasa.

Amma babban sakacin da ya fi yawa, wanda kuma masu gaskiya suke yi wa junansu ba tare da wani ɗan damfara a tsakani ba, shi ne na bayan ciniki. An biya, an sallama, an yi addu'ar Allah ya sa alheri, mai saye ya ja mota da lambarta da takardunta duka, da alkawarin zai je ya sauya suna idan ya sami sarari. Ba zai je ba. Shekara za ta zagayo ya sabunta lasin da sunan tsohon mai ita, domin ya fi sauƙi kuma ya fi araha. Bayan shekara biyu ya sayar wa wani, wannan ya sayar wa na gaba, mota ta yi hannu huɗu ta koma Fatakwal ko ta ƙetare iyaka, amma a kundin hukuma har yanzu ta malam wane ce, mai lamba KHS, mazaunin unguwa kaza a Kafin Hausa. Tsarin lambobin mota da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta shigo da shi a 2011 an gina shi ne a kan ɗaure lamba da mutum, domin idan an ga lamba a san mai ita. Ran da aka buge mutum da wannan mota aka gudu, ko aka kama ta da kayan laifi, ko aka yi fashi da ita, ƙofar da jami'an tsaro za su fara ƙwanƙwasawa ita ce ta wanda sunansa ke rubuce. Mai yiwuwa ne daga ƙarshe gaskiyarsa ta fito. Kafin ta fito fa? Ma'aikacin gwamnati ya san abin da kwana uku a tsare yake jawo wa mutum a wurin aiki da cikin unguwa, ko da an sake shi an ba shi haƙuri.

Abin da ke hana mutane yin abin da ya kamata a nan, galibi kunya ce. Mai saye abokin aiki ne, ko surukin maƙwabci, ko wanda ake sallah sahu ɗaya da shi, sai a ga kamar neman ya sa hannu a takarda tuhuma ce. Wannan kunya ba ta da gurbi a al'ada ko a addini. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, kuma ba don baƙi kaɗai aka saukar da ita ba. Idan kuwa haka ne tsakanin waɗanda suka san juna, ina ga mutumin da aka haɗu da shi a intanet shekaranjiya, wanda sunan da yake amfani da shi ma ba a tabbatar nasa ba ne?

Takardar yarjejeniya ba ta bukatar dogon Turanci. A rubuta cikakken sunan mai sayarwa da na mai saye da adireshinsu, da lambar katin ɗan ƙasa na mai saye bayan an ga katin da ido an gwada hoton da fuskarsa, da irin motar da launinta, da lambar shasi da ta inji, da kuɗin da aka biya da yadda aka biya su, da kwanan wata har da sa'ar da aka miƙa makulli, domin sa'a guda tana iya raba mutum da laifin da ba nasa ba. Shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu. Mai sayarwa ya riƙe kwafinta tare da kwafin duk takardun da ya miƙa. Sa'an nan, abin da ya fi duka, su ɗunguma tare zuwa ofishin lasin a fara sauya suna a ranar, ko kuwa mai sayarwa ya cire lambarsa ya bar mai saye ya nemi tasa. Kamfanin inshora ma a sanar da shi. Idan mai saye ya ce kuɗin sauya suna sun yi masa yawa, gara mai sayarwa ya rage masa su daga farashi da ya bar sunansa yana yawo a titunan da bai taɓa takawa ba. Wanda kuma ya sayi motarsa da rancen ƙungiyar ma'aikata ko na banki, ko ya same ta a gwanjon gwamnati, ya tabbata ya kammala biya kuma takardar shaidar haka tana hannunsa kafin ya sa ta a kasuwa.

Inda za a ajiye waɗannan kwafi ma abin tunani ne a ƙasar Haɗeja. Wanda ya ga ambaliyar 2022, da yadda ruwa ya ci gidaje da gonaki a Kafin Hausa da Auyo da Kirikasamma, ya san takarda a ƙarƙashin katifa ko a cikin adaka ba ta da tabbas. A sa su a leda a ɗaga su sama, a kai wani kwafin gidan ɗan'uwa a wani gari. Takardar yarjejeniyar da za a nema bayan shekara biyar ba ta da amfani idan damina ta biyu ta narkar da ita.

Ɗalibai suna da nasu kaso a wannan magana, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu ke da mota. Su ne masu wayar, su ne ake cewa su sa tallan. Tun da aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo, garin ya cika da samari masu neman abin rufin asiri, kuma tallata kayan wasu a intanet don a sami ɗan kamasho sana'a ce ta halal. Haɗarin shi ne tallata motar da ba a gani ba, ta mutumin da ba a sani ba, wato sayar da kifi a ruwa. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ba da aron asusun banki don a karɓi kuɗin wani ciniki a ba mai asusu 'yan dubbai. Asusun yana ɗaure da BVN ɗin ɗalibin, layin wayarsa yana ɗaure da lambarsa ta ɗan ƙasa. Idan bincike ya tashi, shi kaɗai ne mai fuska a cikin lamarin, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Dokoki kam ba su yi ƙaranci ba. Lambar nan ta 419 da ta zama sunan 'yan damfara sashe ne na dokar laifuffuka ta Kudu. A Arewa, Final Kod da aka fara aiki da ita a 1960 ta tanadi nata hukuncin a kan cuta da zamba. Dokar damfara ta 2006 ta yanke ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, akwai hukumar EFCC, akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sai dai doka tana hukunta wanda aka kama ne, kamun mutumin da ba shi da suna sai layin waya kuwa aiki ne mai wuya, dawo da motar da ta kwana biyu a hanya ya fi shi wuya. Duk da haka wanda aka cuta kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya sanar da bankinsa nan take, ya kai rahoto ga 'yan sanda a rubuce, ya ajiye duk saƙonnin da aka yi musaya, domin sa'o'in farko su ne ake iya tare kuɗi a cikinsu.

Hukuma ma da nata laifin. Ba ƙaramin dalili ba ne da ke sa jama'a gudun sauya suna, rashin sanin matakan da ake bi da ainihin kuɗin da ake biya, abin da ya ba 'yan-kan-hanya da ke shawagi a bakin ofisoshi damar yanka wa mutane farashin da suka ga dama, wani lokaci ma su ba su takardun jabu. Wajibi ne Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Jigawa, tare da jami'an duba lafiyar motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra, su buga matakan sauya sunan mai mota da kuɗin kowane mataki, da boko da ajami, a liƙa a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma daga cikin 27 da jihar take da su, a kuma riƙa karanta su a Rediyon Jigawa. Ya kamata kuma a buɗe wata hanya mai sauƙi wadda mai sayarwa shi kaɗai zai iya zuwa ya shigar da sanarwar cewa mota kaza ta bar hannunsa ran kaza, a buga masa hatimi a ba shi shaida, ko mai saye ya zo ko bai zo ba. Rundunar 'yan sanda ta jiha tana iya umurtar ofisoshinta na Kafin Hausa da Haɗeja da sauran manyan garuruwa su bar masu ciniki su haɗu a harabarsu da rana, a duba lambar shasi a rajistar motoci ta 'yan sanda, ba tare da an nemi na goro ba. Hakimai da dagatai na Masarautar Haɗeja kuwa, waɗanda tun fil azal a gabansu ake shaida cinikin gona da gida, babu abin da zai hana a riƙa kai musu takardar cinikin mota su sa hannu a matsayin shaidu.